Wata ashirin da akwatin sola a gidan haya

A watan Janairun 2024 na sayi akwatin nan mai ajiye wuta da 'yan kasuwa ke kira sola janareta, ko da yake ba ya shan mai, kuma babu abin da ke juyawa a cikinsa sai 'yar fankar da ke sanyaya shi. Yau wata ashirin ke nan yana gidana a Zariya. Masu tambayata ko su saya sun yi yawa, kuma amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci bayan Isha'i, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya ƙera shi ba. Irinsa sun cika kasuwa da sunaye iri-iri, kuma abin da zan faɗa ya shafi yawancinsu.

Sana'ata zanen taswirar gine-gine a kwamfuta, mafi yawan aikin kuma da dare nake yi. Kafin akwatin, ƙaramin injin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai nake tayarwa bayan Magariba, ya sha lita biyu kafin sha biyun dare. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen shekarar ta wuce 600. Sai na ga ina yi wa gidan mai aiki ne. Na so in sa babbar inbata da batura irin na gidajen masu hali, amma gidan haya nake, kuma mai gidan bai amince a huda bango ko a hau rufi ba a lokacin. Abin da zan iya ɗauka da hannu ranar da zan tashi nake nema. Na haɗa kwasar adashi da kuɗin wani aiki, na tafi Kano, na dawo da akwati ɗaya da farantan sola biyu masu naɗewa, kowanne wat 200. Duka naira dubu 780.

A shagon ne aka kusa yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma ba da mugun nufi ba, don shi kansa yaron shagon haka ya fahimci abin. Ya nuna mini lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin ya ce, "Yallaɓai, wannan dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Firij, dutsen guga, injin markaɗe, duk zai ɗauka." Na ce, "Zai ɗauka, amma na awa nawa?" Sai ya yi shiru, ya je ya kira maigidansa.

Duk wanda zai sayi irin wannan kaya, lambobi biyu zai duba, kuma ta biyun ce kuɗinsa. Ta farko, wat, tana faɗa maka nauyin da akwatin zai iya ɗauka a lokaci guda, kamar faɗin bakin tulu. Ta biyu, wadda ake rubutawa Wh da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali, ita ce yawan ruwan da ke cikin tulun. Nawa wat 1,500 ne, amma abin da yake ajiyewa Wh 1,024. Ma'ana, in ka jona masa abin da ke cin wat 100, a takarda zai yi awa goma da 'yan mintoci. A zahiri ba ya kaiwa. Makon da na kawo shi na gwada da kaya masu cin wat 100 daidai, ya yi awa takwas da minti ashirin da biyar ya mutu. Sauran ya tafi a wajen juya wutar batir ta koma irin ta soket, ya fita a matsayin zafi. Ban ɗauki wannan ha'inci ba, haka kowace inbata take, amma ya kamata a riƙa faɗa wa mai saye tun yana shago. Ni dai Wh 850 nake ƙirgawa nawa, da shi nake lissafin darena.

Gwajin farko da ya yi a gaban jama'a shi ne daren 11 ga Fabrairun 2024, wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kwaddibuwa a Abijan. Unguwarmu babu wuta. Na fito da talabijin tsakar gida, na jona dikoda da fanka da ƙwan fitila ɗaya, maƙwabta suka shigo da tabarminsu. Abin da ya tsaya mini a rai ba ƙwallon da Troost-Ekong ya ci da ka ba ne, ba kuma biyun da Kessié da Haller suka rama suka ɗauke kofin ba. Shirun ne. Muna jin mai sharhi sarai ba tare da an ƙure murya ba, muna jin juna, har kukan jaririn gidan da ke bayanmu. Wani dattijo maƙwabcina ya dubi akwatin ya ce, "Malam, wai ina injin yake ne?" Da aka tashi, allon da ke jikin akwatin ya nuna saura kashi 64 cikin ɗari.

Bayan wannan daren na fara koyon zama da shi, kuma darasin farko bai zo da daɗi ba. Talabijin ɗinmu mai inci 32 yana cin wat 45, dikoda 12, fankar tsaye 55, ƙwayayen fitila uku 27. In an haɗa, wat 140 ke nan ba kaɗan, awa shida sun cinye komai. Wato in mun kunna da Magariba, ƙarfe ɗayan dare fanka ta tsaya, a daidai lokacin da zafi da sauro suka fi matsawa. Maiɗakina ta ce da ni, "Baban Amira, in dai haka ne, gara mu haƙura da kallon, yara su samu barci." Kwana biyu na yi ina duba allon ina rubuta lambobi a littafi kafin in gano inda wutar ke zurarewa. Ita inbatar cikin akwatin, da zarar an kunna ɓangaren soket, tana cin wajen wat 15 ko da ba a jona komai ba. A dare ɗaya wannan ya haura Wh 100, a banza.

Maganin bai kai naira dubu sittin ba. Na sayi fankoki biyu irin na sola, masu aiki da bolt 12, kowacce wat 18, na jona su ta ramin da ke ba da wutar batir kai tsaye. Da mun gama kallo na rufe kwamfuta, sai in kashe ɓangaren soket gaba ɗaya, fankokin su ci gaba har Asuba. Yanzu lissafin darenmu ya zauna: kallo da haske awa uku, aikina a kwamfuta awa uku, cajin wayoyi huɗu, fankoki biyu awa tara, mu wayi gari da saura kashi goma zuwa goma sha biyar. Wanda zai sayi akwati bai sauya fankarsa ba, ya sayi rabin abu.

Irin batirin da ke ciki shi ne dalilin da ya sa na amince na ajiye shi a ɗakin da yarana ke kwana. A jikinsa an rubuta LiFePO4, wato litiyom da ƙarfe da fosfet. Ba irin na waya ba ne. Batirin waya da na yawancin kwamfutoci yana da sinadarin kobalt, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da duniya ke haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa; yana ajiye wuta da yawa a ƙaramin jiki, amma ya fi saurin kamawa da wuta in ya yi zafi ko an huda shi. Na fosfet ya fi nauyi, shi ya sa akwatina ya kai kilo 13, amma ya fi juriyar zafi nesa ba kusa ba, kuma ya fi tsawon rai. An fara bayyana shi ne a tsakiyar shekarun 1990 daga ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka. Shi ne dattijon da ya karɓi kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2019 yana da shekara 97, tare da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, saboda aikinsu a kan batirin litiyom, ya kuma rasu a watan Yunin 2023 yana da shekara 100. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da batirin litiyom a 1991, amma na fosfet bai zama abin da mai zanen taswira a Zariya zai iya saye ba sai da masana'antun China suka shiga ƙera shi da yawan gaske saboda motoci masu amfani da lantarki. Nakan tuna da wannan idan na ji labarin litiyom ɗin da ake haƙa a Nasarawa: dutsen yana fita daga ƙasarmu, batirin yana dawo mana da farashin dala.

Masu ƙera shi sun ce zai yi caji da sauka sau 3,000 kafin ƙarfinsa ya ragu zuwa kashi 80. In sau ɗaya ne a rana, shekara takwas ke nan da ɗoriya. Batirin dalma mai ruwa, wanda aka ƙirƙiro tun 1859 kuma har yau shi ne a yawancin gidajenmu, ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, yana neman a riƙa ƙara masa ruwa, kuma na ga yadda ƙanena ya sauya nasa sau biyu cikin shekara huɗu. Ni ban kai shekara takwas ba balle in ba da shaida a kai. Abin da na gani da idona shi ne wata ashirin, zan kuma faɗi sakamakon a ƙasa.

Matsalar da ta fi tayar mini da hankali ta zo a wata na biyar. Allon yana nuna saura kashi 18, ina tsakiyar aiki, sai komai ya mutu ɗif. Washegari ya sake yi a kashi 20. Na ɗauka batirin ya lalace, na kira shagon, aka ce in kawo shi Kano a aika Legas, wata ɗaya ko biyu. Ban kai ba. Wani abokina injiniyan lantarki ne ya warware mini: shi batirin fosfet ƙarfin bolt ɗinsa kusan a wuri ɗaya yake tsayawa, wajen 3.2 a kowane ƙwaya, tun daga cike har ya kusa ƙarewa, don haka na'urar da ke ƙirga kashi ba ta iya gane saura nawa ta hanyar auna bolt. Ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita take yi, kuma in an daɗe ba a cika shi taf ba, ƙirgar sai ta kauce. Ya ce in bar shi ya sauka har ya mutu, sannan in yi masa caji har ɗari ba tare da an jona komai ba. Na yi, ya daidaita. Yanzu ina yin haka duk bayan wata biyu. Takaicina shi ne ɗan littafin da ya zo da shi bai faɗi wannan ba ko a layi ɗaya, kuma na tabbata akwai waɗanda suka karyar da nasu da araha saboda wannan, suna zaton ya mutu.

Sai batun rana, wanda shi ne rabin labarin. Farantai biyu masu wat 200 ya kamata su ba da 400. Ban taɓa ganin 400 a allon ba. Mafi yawan da na gani 315, da hantsi a watan Nuwamba, bayan na goge su. Ita wannan lambar da ke jikin faranti a ɗakin gwaji ake auna ta, farantin yana da zafin digiri 25. A tsakar gidana a watan Afrilu ba ka iya ɗora tafin hannu a kansa, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Wato a lokacin da rana ta fi ƙuna, ba lallai a lokacin ya fi ba da wuta ba. Hunturu ya fi muni. Ranar da hazo ya sauka sosai na ga wat 110 da tsakar rana, kuma ƙurar kwana biyu kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa kowace safiya, aikin babban ɗana ne kafin ya tafi makaranta. Wani abin da ban sani ba sai da na lura: a Zariya, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta, rana da tsaka ta ɓangaren arewa take bi, don haka farantin da aka karkata kudu sosai yana asara a waɗannan watanni. Karkata kaɗan ta isa, yadda ruwan sama zai gangare.

A rana mai kyau, awa huɗu zuwa biyar yake cika. A ranar hadari a Agusta wani lokaci ba ya wuce rabi, daren nan kuwa babu kallo. Shimfiɗa farantan da safe da kwashe su da yamma saboda ɓarayi shi ma aiki ne da ba a faɗa maka a shago, kuma naɗewa da buɗewa kullum ya sa wayar ɗayan ta tsinke daga ciki a wata na tara. Da mai gida ya sassauta, na sayi farantai biyu na gilashi, irin waɗanda ake ɗaurawa a rufi, a kan kuɗin da bai kai rabin na masu naɗewa ba, kuma sun fi su ba da wuta. Da na sani tun farko, da su zan fara. Masu naɗewa na matafiya ne, ba na mai zama wuri ɗaya ba.

Cajinsa da wutar gwamnati kuwa abin yabo ne: awa ɗaya da rabi ya cika daga ƙasa. A unguwar da ake kawo wuta ta awa biyu a ɗauke, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yana da sharuɗɗa. In wutar ta zo ba ƙarfi, irin wadda ƙwai ke yin ja, ƙin karɓa yake yi sai an sa sitabilaiza. Kuma lokacin wannan caji mai sauri fankar cikinsa tana ƙara sosai, ba za ka so shi kusa da kanka ba. Zafi ma yana hana shi. A azumin 2024 na bar shi a ɗakin da ke kallon yamma, rufin kwano, sai ya nuna alamar zafi ya daina karɓar caji har la'asar sakaliya. Tun daga nan wurinsa ƙasan tebur a falo, nesa da bango, kuma duk wata ina share ƙurar da ke toshe kafofin iskarsa da busasshen buroshi.

Firij fa? Yana tayar da ƙaramin firij ɗinmu ba gardama, yaron shagon bai yi ƙarya ba. Amma a zafin bazara firij ɗin kaɗai yana cinye kusan duk abin da ke cikin akwatin a yini da kwana. Abin da muke yi shi ne mu kunna shi daga sha ɗaya na safe zuwa huɗu na yamma, lokacin da rana ke zubo wuta, mu kashe. Hakan ya ba mu ruwan sanyi da zoɓo na buɗa-baki azumi biyu a jere ba mu sayi ƙanƙara ba. Guga ta minti ashirin, kayan makarantar yara kawai, tana cin rubu'in batirin, don haka dutsen gawayi bai bar gidan ba. Hita da famfon rijiyar burtsatse, kada ma a fara.

Inda na san na sayi abu shi ne watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta shiga duhu kusan kwana goma, bayan an lalata babban layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Kaduna sannan na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala. Fetur a lokacin ya haura naira 1,000. Masu cajin waya sun ƙara kuɗi, masu ƙanƙara sun rufe. A gidana damina ta ɗauke, hazo bai sauka ba, akwatin yana cika kafin Azahar, abin da rana ta ci gaba da bayarwa kuma ya zama na maƙwabta. Akwai ranar da na ƙirga wayoyi goma sha bakwai da tocila shida a kan tabarma. Wata tsohuwa da ke layinmu ta aiko jikanta da waya, da yamma ta zo da kanta ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya haskaka maka kabarinka kamar yadda ka haskaka mana." Aikin da na karɓa na wani bene a wannan makon na miƙa shi a ranar da na yi alkawari.

Ta fuskar kuɗi, lita biyu a dare a kan naira 650 ya kama dubu 39 a wata, da mai ya haura dubu ɗaya ya koma dubu 60, ban da baƙin mai da kuɗin mai gyara. Ko da na haɗa fankoki da sababbin farantai da sitabilaiza, abin da na daina kashewa ya riga ya biya abin da na kashe, wajen wata na goma sha takwas. Akwai kuma abin da ba ya shiga littafi. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, wadda kusan kowace damina muke jin ta hallaka iyali guda saboda an shigo da injin cikin gida gudun ruwa ko gudun ɓarawo. Ni ma a baranda nake ajiye nawa, taku uku daga tagar ɗakin yara, kuma duk daren da aka yi ruwa ina kwana da wannan fargabar.

Ga wanda ke gidan kansa kuma yana son firij da injin wanki su yi aiki dare da rana, wannan akwatin ba nasa ba ne. Ya tara kuɗi ya sa babbar inbata da batirin fosfet mai Wh 5,000, zai fi masa araha a kan kowace awa ta wuta. Ga ɗan haya, ko ɗalibi, ko mai aiki da kwamfuta, ko mai ƙaramin shago da ke buƙatar haske da fanka da caji, na ce ya saya, amma ya tabbata ya ga LiFePO4 a rubuce a jikin akwatin ba a bakin mai shago ba, ya duba Wh, ya cire kashi 15, ya tambayi inda ake gyara tun kafin ya biya. Wannan na ƙarshen shi ne abin da har yau ke damuna: in wani abu ya ƙone a cikinsa gobe, babu mai gyaran da na sani a garin nan da zai buɗe shi da tabbaci.

Makon jiya na maimaita gwajin da na yi a farko, da kaya iri ɗaya masu cin wat 100. Ya yi awa takwas da minti biyar. Minti ashirin ya rasa cikin wata ashirin, bayan caji da sauka kusan sau 600. Janaretan na sayar wa wani mai aski tun bara. Kafin hazon bana ya sauka ina so in ƙara faranti na uku a rufin, in mai gida ya yarda.